Bairos a kwamfutar gida: ta ina yake shiga, kuma yaya ake tare shi?

Tambaya: Ina da laftof mai Windows 10 a gida, ni da yara muke amfani da ita. Na kai filash ɗina shagon buga takardu, da na dawo sai na tarar duk foldodin ciki sun koma shotkot. Tun daga lokacin kwamfutar ta yi nauyi, fankarta ba ta hutawa. Mai gyara ya saka min antibairos har guda biyu, ya ce idan ba ta gyaru ba sai fomatin. Mene ne ainihin bairos ɗin nan, kuma me zan yi kada ya dawo?

Amsa: Malam, kafin komai, kada ka yarda a yi wa filash ɗin nan fomatin tukuna. A mafi yawan irin wannan matsala fayilolin suna nan daram, ɓoye su kawai aka yi, kuma za ka iya fito da su da kanka. Amma sai ka fahimci abin da ya faru, in ba haka ba ka gyara yau, jibi ya dawo.

Bairos manhaja ce kamar kowace manhaja, mutum ne ya zauna ya rubuta ta. Zafi ba ya kawo shi, ƙura ba ta kawo shi, tsufan kwamfuta ma ba ya haifar da shi. Dole sai ya shigo ta wata ƙofa, kuma dole sai wani abu ya kunna shi. A bakin mutane duk wata muguwar manhaja bairos ce, amma a wajen masu sana'ar iri-iri ne, kuma sanin bambancinsu yana da amfani domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Bairos na asali shi ne wanda yake liƙa kansa a jikin wasu manhajoji, duk wadda aka buɗe sai ya harbi ta kusa da ita. Sality da Ramnit irinsa ne. Akwai tsutsa, wadda ke yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta filash ko ta intanet. Akwai mai shigar burtu, wanda ke zuwa da kamannin abu mai amfani, wasa ko Office na kyauta, kai da kanka ka buɗe masa. Bayan sun shiga kuma aikinsu ya bambanta: wani ya kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, wani ya kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza, wani ya mayar da kwamfutarka injin haƙar kuɗin kirifto ga maigidansa, wutarka da datarka suna ƙonewa.

Abin da ya kama filash ɗinka tsutsa ce, kuma hanyarta tsohuwa ce. Bairos na farko da ya bazu a irin kwamfutocin da muke amfani da su, Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma ta faifan filofi, wato ma'adanar ɗaukar fayiloli ta wancan zamani, ya zaga duniya, daga hannu zuwa hannu. Filash ne ya gaji filofi. Kwamfutar shagon buga takardu tana karɓar filash na mutane da yawa kowace rana, ɗaya kawai ya isa ya harbe ta, daga nan ita kuma ta riƙa rabawa kowa.

Ga yadda take aiki. A kwamfutar da ta kamu akwai wani ɗan ƙaramin fayil, galibi mai ƙarewa da .vbs ko .js, yana zaune yana jiran a soka filash. Da zarar an soka sai ya kwafi kansa ciki, ya ɗora wa foldodinka alamar ɓuya, sannan ya ƙirƙiri shotkot mai suna da hoto irin na kowace folda. Idan ka duba da kyau za ka ga ƙaramar kibiya a kusurwar hoton, kuma girmansa bai wuce kilobayit ɗaya ko biyu ba. Ranar da ka danna shotkot ɗin a gida, abu biyu ne suka faru a lokaci guda: ya kunna tsutsar, sannan ya buɗe maka foldar ta gaskiya domin kada ka yi zargin komai. Tsutsar ta kwafi kanta cikin foldar AppData ko Temp, ta rubuta sunanta a jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows. Shi ya sa wanke filash ba tare da wanke kwamfuta ba an yi ba a yi ba ne. Kwamfuta ake fara gyarawa.

Zare filash ɗin ka ajiye gefe. Sai ka shiga Settings, ka shiga Apps, ka cire antibairos biyun nan duka. Na san abin zai yi maka banbarakwai, amma antibairos biyu masu gadi a lokaci guda ba ƙarin tsaro ba ne. Kowanne yana son ya riga ɗan'uwansa taɓa duk fayil ɗin da aka buɗe, sai su riƙa cin karo, kwamfuta ta yi nauyi. Mafi muni, irin waɗanda ake sakawa daga ma'adanar mai gyara yawanci ko wa'adinsu ya ƙare ko an fasa su ne, wato an karya kullen lasisinsu, ba sa karɓar sabon bayani, ga shi kuma zuwansu ya sa na cikin Windows ya janye. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender a cikinsu kyauta, kuma ga kwamfutar gida ya wadatar matuƙar yana samun sabuntawa. Idan ka cire waɗancan ka sake kunna kwamfutar, zai dawo aiki da kansa.

Haɗa intanet, ka buɗe Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, ka danna Check for updates domin ya sauke sabon jerin cututtukan da aka gano. Kafin ka fara bincike akwai wani lungu da mutane ba sa dubawa: a cikin Manage settings ka gangara zuwa Exclusions. Wannan jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ya leƙa ne, kuma mugayen manhajoji da manhajojin da aka fasa suna saka kansu a nan. Idan ka ga wata folda da ba kai ka saka ba, musamman AppData, Temp, ko C: gaba ɗaya, cire ta. Sannan ka zaɓi Scan options, ka yi Full scan, wanda kan ɗauki awa ɗaya ko fiye gwargwadon yawan kayanka. Bayan ya gama ka koma wurin ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Wannan zai kashe kwamfutar ya kunna ta a wani yanayi da Windows bai tashi ba, saboda haka cutar ba ta samu damar tashi ta ɓoye kanta ba. Kusan minti 15 yake ɗauka. Ka tabbata baturi ya cika ko akwai wuta kafin ka fara.

Daga nan danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shafin Startup ka duba abin da ke tashi da Windows. Duk wani mai baƙon suna, ko mara sunan kamfani, ko wanda aka rubuta Windows Based Script Host, ka kashe shi. Ka kuma danna madannin Windows da R, ka rubuta shell:startup, ka goge duk wani .vbs ko .js da ka tarar a foldar da ta buɗe.

Yanzu sai filash. Soka shi, amma kada ka danna komai a ciki. Ka danna hotonsa da ɓangaren dama na linzami ka zaɓi bincike da Defender. Ka lura da harafin da Windows ya ba shi, mu ce E ne. Buɗe Command Prompt ka rubuta wannan daidai yadda yake, ka danna Enter:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Umarnin yana cire alamar ɓuya daga duk abin da ke cikin filash ɗin. Idan harafin naka F ne ko G, shi za ka saka a madadin E, kuma ka yi hattara kada ka saka C. Foldodinka za su bayyana. Wani lokaci za ka same su an tattara su cikin wata folda mara suna. Kwashe takardu da hotuna da bidiyo kaɗai zuwa kwamfuta. Duk abin da ya ƙare da .lnk, .vbs, .js, .exe, .scr ko .bat ka bar shi a nan. Sai a lokacin ne za ka yi wa filash ɗin fomatin.

Domin ka iya ganin waɗannan ƙarshen sunaye, buɗe File Explorer, ka shiga View, ka saka alama a File name extensions. Wannan ɗan gyaran na daƙiƙa biyar yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Windows yana ɓoye ƙarshen suna tun asali, mugaye kuma sun daɗe suna cin moriyar hakan. Tsutsar ILOVEYOU da ta fito daga Filifin a watan Mayun 2000 ta harbi miliyoyin kwamfutoci da wannan dabarar: fayil ɗin da ta aika ta imel sunansa ya ƙare da .TXT.vbs, mutane suka ga .TXT kaɗai suka ɗauka wasiƙa ce. Har yau idan aka turo maka takardar biyan kuɗi ko ta ɗaukar aiki mai suna irin takarda.pdf.exe, wannan dabarar ce ba ta canja ba.

Akwai aikin da ba ya jira: kalmomin sirri. Ba za ka iya tabbatar da cewa tsutsar ita kaɗai ta shigo ba, domin da yawansu suna sauke wasu abokan aikinsu daga intanet. Manhajojin satar bayanai irin su RedLine da Lumma cikin daƙiƙoƙi suke kwashe duk kalmar sirrin da ke ajiye a Chrome ko Edge, har da ɗan fayil ɗin da ke shaida wa Facebook ko Gmail cewa ka riga ka shiga. Da wannan fayil ɗin ɓarawo zai iya shiga asusunka ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Saboda haka ka ɗauki wayarka, ba kwamfutar da ta kamu ba, ka canja kalmar sirrin imel ɗinka da farko, tunda ta imel ake dawo da sauran asusai. Sai na banki, sai na Facebook da sauransu. A kowanne ka nemi wurin da ake fitar da duk na'urorin da suka shiga, ka fitar da su, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Maganar fomatin da mai gyara ya yi tana da wurinta. Idan binciken ya nuna Sality ko Ramnit, ko Defender ya ƙi buɗewa, ko cutar tana dawowa bayan an goge ta, to sake saka Windows ya fi kwanciyar hankali. Amma yadda ake yinsa ne matsalar. A sauke Windows daga shafin Microsoft kai tsaye da manhajar Media Creation Tool, a kan kwamfuta mai lafiya, zuwa filash mai aƙalla gigabayit 8. Kuma kada a dawo da tsoffin fayilolin .exe da aka ajiye a ɓangaren D, domin bairos na asali yana manne a jikinsu. Buɗe ɗaya kawai ya isa ya mayar da kai inda ka fito. Sau da yawa nan ne aikin ke lalacewa: an yi fomatin da safe, da yamma an loda wa kwamfutar tarin manhajojin da aka fasa daga ma'adanar da ta zaga kwamfutoci ɗari. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A nan nake so ka tsaya sosai, domin manhajar da aka fasa, wadda ake kira kirak, ita ce babbar ƙofar cuta a kwamfutocin gida, ta fi filash haɗari nesa ba kusa ba. Duba yadda ake raba ta. Tana zuwa a dunƙule cikin zif mai kalmar sirri, an rubuta maka kalmar a shafin; dalilin kullewar shi ne kada antibairos ya ga abin da ke ciki lokacin saukewa. Sannan umarni na farko shi ne ka kashe antibairos, na biyu ka buɗe ta da ikon mai gida (Run as administrator). Wato an sa ka kori maigadi, ka miƙa makullin gida da hannunka. Da ɗan gari akan ci gari. Manhajar za ta iya yin aiki lafiya lau, Photoshop ya buɗe, wasan ya tashi, abin da ya biyo ta kuma yana nasa aikin a ɓoye.

Mai garkuwa da fayiloli da aka fi sani da STOP ko Djvu ta wannan hanyar ya fi yaɗuwa. Mutum zai wayi gari ya ga kowane hoto da takarda an ƙara masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna, babu wanda ke buɗewa, ga wani fayil mai suna _readme.txt yana neman dala 980, ko 490 idan an biya cikin awa 72. Antibairos zai iya cire cutar, amma ba zai buɗe fayilolin ba, domin makullin yana hannun ɓarayin. Shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da Europol da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, yana da makullan wasu nau'o'in kyauta, ya kamata a gwada, sai dai sababbin nau'o'in Djvu galibi ba sa buɗuwa. Biyan kuɗin kuma ba shi da tabbas.

Kusan duk abin da ake fasa manhaja dominsa yana da madadi na halal. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, akwai Google Docs da Office na cikin burauza, VLC na kallon bidiyo, 7-Zip na kwance zif, GIMP na gyaran hoto, duk kyauta daga shafukan masu su. Windows ɗin da ba a saka masa lasisi ba ma yana ci gaba da aiki yana karɓar sabuntawa, illa dai rubutun da ke fitowa a kusurwar allo da hana canja ado. Wannan ya fi a saka masa lasisin bogi da irin su KMSPico da aka tsinto a intanet. Idan kana shakkar wani fayil, shafin VirusTotal zai gwada maka shi da antibairos sama da 60 a lokaci guda, amma kada ka ɗora takardar sirri a can, domin masu bincike suna iya ganinta.

Ƙofa ta gaba ita ce rashin sabunta Windows. Mutane da yawa suna kashe sabuntawa saboda tsadar data, kuma uzurin gaskiya ne, amma ka san abin da kake sayarwa. Kowace Talata ta biyu a wata Microsoft tana fitar da facin ramukan da aka gano. A ranar 12 ga Mayun 2017 WannaCry ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, alhali facin ramin da ya bi ya fito tun watan Maris. Waɗanda abin ya shafa ba su danna komai ba. Bango ne ya tsage ƙadangare ya shiga. Idan datarka ba ta da yawa, ka ware dare ɗaya a wata, ka sayi datar dare mai rahusa, ka cire alamar Metered connection, ka bar Windows da burauza su sabunta.

Game da Windows 10 ɗinka kuwa, Microsoft ta daina ba shi faci na kowa da kowa tun 14 ga Oktoban 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda aka tsara wa masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoban 2026. Idan laftof ɗin tana da ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin Intel zubi na 8 ko sama, ka koma Windows 11, kyauta ne. Idan tsohuwa ce da ba za ta ɗauka ba, Linux Mint, wanda ake sakawa a madadin Windows, zaɓi ne mai kyau ga karatu da rubutu da shiga intanet. Mai Windows 7 kuwa tun 14 ga Janairun 2020 aka rufe masa wannan ƙofar, bai dace ya shiga asusun banki da ita ba.

Tunda yara suna amfani da kwamfutar, ka buɗe musu nasu asusun. A Settings ka shiga Accounts, sannan Family & other users, ka ƙara mai amfani, ka bar shi a matsayin Standard. Naka mai ikon gudanarwa ka saka masa kalmar sirrin da ba su sani ba. Daga ranar duk abin da zai shiga cikin jikin Windows sai ya nemi kalmarka. Ba ya tare komai da komai, ɓarawon kalmar sirri zai iya aiki a cikin asusun yaron, amma yana rage ɓarna ƙwarai. Ka kuma zaunar da su ka nuna musu abu biyu da ido. Na farko, shafin da ya cika allo da jan rubutu yana cewa an gano bairos a kira wata lamba ko a sauke magani, ƙarya ne; shafin intanet ba ya iya binciken kwamfuta, a rufe shi kawai. Na biyu sabon salo ne: shafi zai ce ka tabbatar kai mutum ne ta hanyar danna madannin Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Wanda ya bi wannan umarnin ya kunna cutar da hannunsa. Babu shafin gaskiya da ke neman haka.

Shagon buga takardu kuma, hanya mafi sauƙi ita ce filash ɗinka ya daina zuwa can. Mayar da takardar PDF ka tura musu ta WhatsApp ko imel, kuma kada ka shiga imel ɗinka a kwamfutarsu. Idan dole ne, ka ware ƙaramin filash ɗaya na fita waje wanda ba a ajiye komai a cikinsa, yana dawowa a yi masa fomatin ba tare da an buɗe shi ba.

Duk waɗannan matakan suna rage haɗari ne, ba sa kawar da shi, shi ya sa ajiyar kwafi ta zama dole. Ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wajen gida. A aikace: ainihin fayilolin a laftof, kwafi a ma'adanar waje, muhimman takardu kuma a Google Drive mai ba da gigabayit 15 kyauta ko OneDrive mai ba da 5. Abin da ake yawan kuskurewa shi ne barin ma'adanar waje a soke kullum. Mai garkuwa yana kulle duk abin da ya tarar a haɗe. Ka kwafa sau ɗaya a mako, ka zare, ka saka a durowa. Lokaci-lokaci ka buɗe fayil biyu ko uku daga ciki ka tabbatar suna buɗewa.

Saura nauyi da ƙarar fanka. Bayan ka gama wankewar, rufe komai ka bar kwamfutar minti biyar, sannan ka duba CPU, wato yawan aikin da injin kwamfutar ke yi, a Task Manager. Idan babu abin da kake yi bai kamata ya daɗe sama da kashi 10 cikin 100 ba. Idan fanka tana ihu amma tana yin shiru da zarar ka buɗe Task Manager, ka yi zargin mai haƙar kirifto, domin wasunsu suna laɓewa idan an buɗe shi. Wannan kwamfutar sake saka Windows take buƙata. Idan kuwa CPU yana ƙasa, fanka ba ta daina ba, ƙasan laftof ɗin yana zafi, to ba bairos ba ne. Ƙurar hunturu ce ta toshe mafitar iska, ko man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. Mai gyara ya buɗe ta, ya share fankar da mafitar, ya goge tsohon man ya shafa sabo. Idan Disk ne ke tsaye a kashi 100, tsohuwar ma'adana mai juyawa ce ta gaji, a canja ta da SSD, wato ma'adana mai sauri wadda ba ta juyawa, a ƙara RAM ya kai gigabayit 8.